Idan Orca ta yi shiru: abin da ya kamata ku sani game da gyaran manhajar karanta allo a Linux

Mai ido idan kwamfutarsa ta yi gardama, yakan dubi allo ya ga abin da ta rubuto. Ko bai gane ba, yana iya ɗaukar hoton saƙon ya tura wa wanda ya sani. Makaho ba shi da wannan damar. Muryar da ke karanto masa abin da ke kan allo ita ce allonsa, kuma da ita ce zai binciki duk wata matsala da ta taso. To idan muryar ce ta ɗauke fa? Kwamfuta na iya zama lafiyarta ƙalau, fanka na juyawa, batir a cike, saƙon da ke bayyana abin da ya faru yana nan ɓaro-ɓaro a gabansa, amma babu mai faɗa masa. Wannan ne ya sa gyaran manhajar karanta allo ya sha bamban da sauran gyare-gyare, kuma shi ya sa ya kamata mai amfani da ita, da ɗan'uwan da ke taimaka masa, da mai shagon gyara, duk su san ta inda ake farawa.

Maganar ta ƙara nauyi tun ranar 14 ga Oktoban 2025, lokacin da kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 tallafin da ya saba. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗan da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika ba, irin laftof ɗin gwanjo da ke cike da kasuwanninmu. Mafita ɗaya ita ce Linux, tsarin da ake samu kyauta, wanda kowa ke da damar duba yadda aka rubuta shi ya gyara. Wanda ya saba da NVDA ko JAWS a Windows, ko TalkBack a wayar Android, idan ya koma Linux da Orca zai haɗu. An faro ta ne a ofishin kula da masu lalura na kamfanin Sun Microsystems, ta zama manhajar karanta allo ta GNOME, wata fuskar tebur ta Linux, a 2006. Bayan da Oracle ya sayi Sun a 2010, aikin ya koma hannun 'yan tsirarun mutane, kuma Joanmarie Diggs ta kamfanin Igalia ce ta daɗe tana riƙe da shi. Manhaja ce mai inganci, tana karanta shafukan intanet, da imel, da takardun LibreOffice. Amma ba ita kaɗai take aikin ba, kuma a nan ne mutane da yawa ke ɓata.

Hanyar da magana ke bi

Orca ba ta kallon allo. Manhajar da ka buɗe, a ce Firefox, ita ce ke sanar da cewa ga maɓalli mai suna kaza, ga akwatin rubutu, ga inda kake yanzu. Wannan bayanin yana bi ta wata hanya ta musamman da ake kira AT-SPI. Orca ta karɓe shi ta zaɓi abin da ya dace a faɗa, sai ta miƙa rubutun ga Speech Dispatcher, wadda aikinta rarraba magana ne. Ita kuma ta ba injin murya, galibi eSpeak NG, ya mayar da rubutu sauti. Sautin ya bi ta PipeWire, ko PulseAudio a tsofaffin sigogi, ya sauka kan ALSA, wato sashen da ke hulɗa da katin sauti, daga nan ya fito ta lasifika ko abin kunne.

Duk wanda ya tsaya a cikinsu, abin da za ka ji iri ɗaya ne: shiru. Shi ya sa mutum ke cewa Orca ta lalace alhali ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Mai gyaran wuta da aka kira saboda ɗaki ya yi duhu ba ya fara hawa falwaya. Ƙwai yake fara dubawa, sannan makunni, sannan mita. Haka nan ma: a fara daga lasifika a koma baya.

Fara da sauti

Danna maɓallin ƙara sauti na kibod sau da yawa. A GNOME dannawar kan fitar da ɗan ƙara, kuma idan ka ji shi ka san lasifika da katin sauti suna aiki. Idan ba ka ji ba, saƙala abin kunne mai waya. Sau da yawa sautin yana fita, amma ya karkata wani wuri: an taɓa jona kwamfutar da talabijin ko majigi ta wayar HDMI sai ta ci gaba da tura sauti can, ko kuma wani abin kunne na Bluetooth da ke cikin aljihu ko jaka ya kama da kansa. Cire wayar HDMI, kashe na'urar Bluetooth ɗin, ka sake gwadawa.

Idan har yanzu shiru, sai a koma ga rubuta umarni, kuma ana iya yin hakan ba tare da jin komai ba muddin hannu ya san kibod. A Ubuntu, wani nau'in Linux kamar Fedora da Debian, Ctrl da Alt da T tare suna buɗe tagar umarni. Jira kamar daƙiƙa biyar, ka rubuta `speaker-test -t wav -c 2 -l 1` ka danna Enter. Idan lafiya, za ka ji muryar mace tana ambaton lasifikar hagu da ta dama da Turanci. Idan ba ka ji ba, wataƙila sautin a toshe yake. `amixer set Master unmute` yana cire toshewar, `amixer set Master 70%` kuma yana ɗaga shi. Ɗan'uwa mai ido na iya buɗe `alsamixer` ya duba ƙasan kowane ginshiƙi: inda ya ga MM, an toshe, harafin M ne ke buɗe shi. A tsarin da ke amfani da PipeWire, wato Fedora tun siga ta 34 da Ubuntu tun 22.10, wannan umarnin yana tayar da sashen sauti gaba ɗaya ba sai an kashe kwamfuta ba: `systemctl --user restart pipewire pipewire-pulse wireplumber`.

Idan sauti yana fita, waƙa ko karatu na tashi amma Orca shiru, sai a matsa gaba. Rubuta `espeak-ng sannu`. In ka ji murya, injin magana lafiya yake. Sai `spd-say sannu`. Wannan na biyun ya fi muhimmanci, domin ta Speech Dispatcher yake bi, hanyar da Orca kanta ke bi. Idan na farko ya yi magana na biyu bai yi ba, ka kama mai laifi. Yawanci maƙalewa take yi, musamman bayan kwamfuta ta farka daga barci ko an canza abin kunne, kuma maganinta `killall speech-dispatcher`. Ba sai ka sake kunna ta ba, za ta tashi da kanta da zarar an nemi ta yi magana. Wani lokaci kuma za ka ji wata murya da aka naɗa tana sanar da kai da Turanci cewa Speech Dispatcher na aiki amma ba ta samu injin murya ba. Ma'anarsa ƙunshin da ke haɗa su ne babu, kuma a Debian da Ubuntu `sudo apt install speech-dispatcher-espeak-ng` ne ke kawo shi.

Akwai fayil ɗin saituna mai suna speechd.conf, babba yana cikin /etc/speech-dispatcher, na mai amfani kuma, idan an ƙirƙira, yana cikin .config/speech-dispatcher a foldarsa ta gida. Layin da ya fi jawo rigima a ciki shi ne AudioOutputMethod. A yawancin kwamfutocin yau pulse ya kamata ya zama, ko da PipeWire ake amfani da ita, domin tana jin yaren PulseAudio. Wanda ya bi tsohuwar shawara ya mayar da shi alsa yana iya samun murya da sauran sauti suna rige-rigen katin sauti: idan bidiyo na tafiya Orca ta yi shiru, idan Orca ta fara magana bidiyo ya rasa sauti. Umarnin `spd-conf` yana sake gina saitunan ta hanyar tambaya da amsa.

Wani ƙorafin da ake yawan yi shi ne murya na cinye farkon magana, kalma ta fito babu gaɓarta ta farko. Dalili shi ne sashen sauti yana kwantar da katin idan ya ɗan jima ba a yi amfani da shi ba don tattalin batir, kafin ya farka kuwa farkon kalma ya wuce. Abin kunne na Bluetooth ya fi yin haka. Ana iya kashe wannan barcin a saitunan WirePlumber, mai kula da PipeWire, amma mafi sauƙi shi ne aiki da abin kunne mai waya.

Ita kanta Orca

Sai idan `spd-say` ya yi magana ne za a tuhumi Orca. Maɓallan kunna ta da kashe ta a GNOME su ne Super da Alt da S, Super kuwa shi ne maɓallin nan mai tambarin Windows. Abin lura, dannawa ɗaya na kunnawa, ta biyu na kashewa. Mutumin da hankalinsa ya tashi yakan yi ta dannawa a jere, ya kunna ya kashe ba tare da ya sani ba, ga tsohuwar kwamfuta kuwa tana buƙatar ɗan lokaci kafin murya ta fito. Danna sau ɗaya, ka ƙirga goma. Idan shiru, danna Alt da F2, ka rubuta `orca --replace` ka danna Enter. Wannan yana kawar da wadda ta maƙale ya tayar da sabuwa, kuma shi ne umarnin da ya fi cancanta a haddace.

Akwai kuma shirun da mutum ke jawo wa kansa. Maɓallin Orca, wato Insert ko Caps Lock, tare da S yana dakatar da magana baki ɗaya ba tare da ya rufe manhajar ba, kuma yatsa na iya faɗawa kansa da kuskure. Sake danna su kawai. Shafin shiga, inda ake rubuta kalmar sirri, yana da nasa saitin daban: kunna Orca bayan an shiga ba ya nufin za ta yi magana a can, sai an danna Super da Alt da S a shafin shi ma.

Idan tana tashi tana faɗuwa, ko tana abin da ba ta saba ba, wataƙila saitunanta ne suka gurɓace. A sigogin da ke cikin Ubuntu 24.04 da Debian 12, suna cikin foldar .local/share/orca. Kada ka goge ta. Canza mata suna da `mv ~/.local/share/orca ~/orca-tsohuwa`, ka sake tayar da Orca. In ta dawo daidai, ka san inda matsalar take, kuma tsofaffin saitunanka suna nan a ajiye.

Tana magana, amma ba a ko'ina ba

Wannan ne wurin da ya fi cin lokaci. Orca na karanta komai, sai ka buɗe wata manhaja ta faɗi sunan taga kawai ta yi gum. A nan laifin ba na murya ba ne, manhajar ce ba ta aiko da bayanin kanta. Umarnin `orca --list-apps` yana jera manhajojin da Orca ke ji daga gare su. Wadda ke buɗe amma ba ta cikin jerin, ba ta hau hanyar AT-SPI ba ke nan.

Abu na farko, rufe manhajar ka sake buɗe ta bayan Orca ta riga ta tashi. Wasu manhajoji a lokacin buɗewa ne kawai suke duba ko akwai mai karanta allo, in babu sai su kashe wannan sashen don su yi sauri. Chrome da Chromium, da manhajojin da aka gina kan Electron irin su VS Code, wani lokaci sai an tilasta su: a buɗe su daga tagar umarni a ƙara `--force-renderer-accessibility` a bayan suna. Manhajojin da aka gina da Qt, irin na KDE, suna amsa kira idan aka sa `QT_LINUX_ACCESSIBILITY_ALWAYS_ON=1` kafin sunansu. Na Java suna buƙatar wani ƙunshi daban, Java ATK Wrapper.

Akwai wata shawara da ke yawo wadda ta cuci mutane da dama. Wani mai ido zai ga saƙon gargaɗi na damunsa a tagar umarni, a ce masa ya sa `NO_AT_BRIDGE=1` ko `GTK_A11Y=none` a fayilolin farawa. Saƙon zai ɓace, gaskiya ne, amma abin da ya yi shi ne datse hanyar da manhajoji ke magana da Orca. Idan kwamfutar ta taɓa zama a hannun wani, rubuta `echo $NO_AT_BRIDGE`. In ta amsa da 1, a nemo layin a cikin .profile ko .bashrc ko /etc/environment a cire.

Manhajar da aka buɗe da sudo ma kan yi shiru, domin tana gudana ne da sunan babban mai iko na tsarin, ba ta kan hanyar bayanai ta mai amfani. Idan fayil ɗin tsari za ka gyara, yi da `sudo nano` a cikin tagar umarni, wannan Orca na karanta shi.

Wani shirun kuma ba mai gyaruwa ba ne daga ɓangarenka. Shafin intanet da aka cika da maɓallai marasa suna, Orca ba abin da za ta iya cewa sai dai ta ce ga maɓalli, ga wani maɓalli. Takardar PDF da aka ɗauko da sikana hoto ce zalla, babu rubutu a cikinta, sai an bi ta da manhajar gane haruffa irin OCRmyPDF. A nan alhakin yana wuyan wanda ya gina shafin ko ya fitar da takardar. Ƙa'idojin WCAG na ƙungiyar W3C sun daɗe da bayyana yadda ake yi, kuma sa wa maɓalli suna ba ya cin ko sisin kwabo. Makaranta ko ofishin da ke fitar da fom da sanarwa a matsayin hoto ya rufe wa makafi ƙofa ne, ko ya yi niyya ko bai yi ba.

Maɓallan da suka ƙi aiki

Orca tana da tsarin kibod biyu. A na kwamfutar tebur, Insert ne maɓallin Orca, kuma umarni da yawa suna kan rukunin lambobi na hannun dama: 8 na karanta layin da kake kai, 7 na sama, 9 na ƙasa. Sai NumLock yana kashe suke aiki, in ba haka ba lambobi kawai za ka yi ta rubutawa. Ƙananan laftof kuwa ba su da wannan rukunin, wasunsu ma Insert sai an haɗa da Fn. Gare su aka yi tsarin laftof, inda Caps Lock ke zama maɓallin Orca, U da I da O su maye gurbin 7 da 8 da 9. Umarnin `orca --setup` yana buɗe saituna ko da maɓallin Orca ba ya samuwa, a shafin farko za ka canza tsarin. Maɓallin Orca da H kuma yana shigar da kai yanayin koyo, inda duk abin da ka danna za ta faɗa maka aikinsa ba tare da ta aikata ba. Escape ne ke fitar da kai.

A burauza akwai yanayi biyu. A na karatu, H na tsallaka kai zuwa kanun rubutu, K zuwa mahaɗi, B zuwa maɓalli. A na rubutu kuwa, haruffan suna shiga akwati ne kamar kullum. Orca na sauyawa da kanta, amma a shafuka masu sarƙaƙiya irin Gmail takan yi kuskure, sai ka ga kana rubutu tana tsalle-tsalle. Maɓallin Orca da A ne ke sauya yanayin da hannu.

Sai babbar magana, Wayland. Shekaru da dama Linux na zana tagoginsa da tsarin X11, wanda ke barin kowace manhaja ta saurari duk abin da ake dannawa. Wannan rauni ne ta fuskar tsaro, amma da shi Orca ke kama umarninta. Wayland da ya gaje shi ya toshe wannan kafar, kuma aka ɗauki shekaru kafin a buɗa wa masu karanta allo wata ƙofa amintacciya. A tsakanin, makafi ne suka sha wahalar: a wasu manhajoji, musamman waɗanda aka gina da GTK 4, umarnin Orca ya riƙa tangarɗa, Caps Lock kuma ya riƙa kunna manyan baƙaƙe maimakon aikin da aka ba shi. A ganina an yi gaggawar sauya tsarin kafin a tabbatar kowa zai iya bi. GNOME 48, da ta fito a Maris ɗin 2025, ita ce ta kawo gyaran, kuma ita ce ke cikin Debian 13. Ubuntu 24.04 kuwa GNOME 46 take ɗauke da ita. Don sanin inda kake, rubuta `echo $XDG_SESSION_TYPE`. Idan amsar wayland ce, tsarinka kuma ya girmi GNOME 48, fita ka zaɓi zaman Xorg, wato X11, a shafin shiga, ko ka ɗaga zuwa sabuwar siga. Makafi da yawa sun zaɓi MATE, wata fuskar tebur wadda ta ci gaba da tsarin tsohuwar GNOME 2 kuma ba ta da nauyi a kan tsohuwar kwamfuta.

Rubutun Hausa

Ga wata matsala da ta shafe mu kai tsaye. eSpeak NG na da harsuna fiye da 100, ciki har da Swahili da Amharik, amma muryoyin da Ubuntu da Debian ke zuwa da su ba su haɗa da Hausa ba. Muryar Turanci da ƙa'idojin Turanci take karanta rubutunmu, wasula su karkace, haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, su fito a gurguje ko su tsinka kalma. Wannan ba lalacewa ba ce, sake girka Orca kuma ba zai canza komai ba. Abin da ke rage wahalar shi ne a gwada muryar Swahili, domin wasulanta biyar sun yi kusa da namu, ko da yake harafin c ba zai fito yadda muke furta shi ba. `espeak-ng -v sw` tare da jimlar Hausa zai ba ka ɗanɗano kafin ka canza a saituna. Orca tana kuma da shafin furuci, inda za ka rubuta kalma da yadda kake so a faɗe ta. Sunayen mutane da garuruwan da kake yawan haɗuwa da su sun cancanci shiga nan.

Maganin dindindin shi ne a saka Hausa cikin eSpeak NG. Ana ƙara harshe ne da fayilolin rubutu: ɗaya na ƙa'idojin yadda haruffa ke komawa sauti, ɗaya na kalmomin da suka saɓa wa ƙa'ida da lambobi, da kuma bayanin sautukan harshen. Rubutun bokon Hausa ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka muryar ba za ta fito kamar ta ɗan gari ba, amma za a fahimce ta. Aiki ne da ɗaliban sashen Hausa da na kimiyyar kwamfuta a jami'o'inmu za su iya haɗa hannu su yi, kuma ƙofa a buɗe take ga kowa.

Shirun da ya riga Orca

Akwai matakan da Orca ba ta kai ga tashi ba tukuna: shafin BIOS, da menun GRUB, da wurin rubuta kalmar sirrin faifai idan an kulle shi. Dukkansu shiru suke. Wanda faifansa ke kulle, idan ya kunna kwamfuta ya ji shiru, mai yiwuwa jiran kalmar sirri take. A fayil ɗin /etc/default/grub akwai layin GRUB_INIT_TUNE, idan aka cire alamar # da ke gabansa aka yi `sudo update-grub`, kwamfutocin da ke da ƙaramar lasifikar ciki za su yi ƙara idan sun iso menun.

Ɗaukewar wuta na da nata rabon. Laftof mai mataccen batir da wuta ta ɗauke mata ana tsakar sabuntawa tana iya tashi da rabin manhajoji a girke, cikinsu har da na murya. `sudo dpkg --configure -a`, sannan `sudo apt -f install`, su ne ke ƙarasa aikin da ya katse. Faifan da ya cika maƙil ma yana hana shiga, `df -h` ne ke nuna hakan. Kada a fara babbar sabuntawa sai da caji wadatacce.

Ba a fafe gora ranar tafiya, duk waɗannan sun fi sauƙi ga wanda ya yi tanadi. Ctrl da Alt da F3 suna kai ka shafin rubutu zalla, wanda ke aiki ko da GNOME ta faɗi, amma Orca ba ta magana a can. Speakup da ke cikin ƙwayar Linux, tare da ƙunshin espeakup, su ne ke magana a wannan shafin, akwai kuma Fenrir. A girka a gwada tun ana lafiya, domin wani lokaci sukan yi takaddama da PipeWire kan katin sauti. Mai na'urar Braille yana da BRLTTY, wadda ke aiki a wannan shafin ba tare da sauti ba sam. Idan aka girka openssh-server, ana iya shiga kwamfutar daga waya ko wata kwamfuta mai murya a rubuta umarnin gyara daga can. Kyamarar waya ma tana taimakawa: Lookout da Seeing AI suna karanta rubutun da ke kan allo, Be My Eyes kuma na haɗa ka da mai ido ta bidiyo. A ajiye ƙaramin katin sauti na USB, da filas mai ɗauke da Ubuntu da ake tayarwa kai tsaye. Idan Orca ta yi magana daga filas ɗin, kayan kwamfutar lafiya suke, saituna ne suka taɓu. Mai girka Debian kuwa, danna S sannan Enter a menun farko yana sa aikin girkawar ya riƙa magana tun daga farko.

Idan duk an bi abin ya ƙi, a kai rahoto ga masu kula da Orca a GitLab na GNOME. `orca --version` na ba da lambar siga, `orca --replace --debug` kuma na rubuta duk abin da ke faruwa a wani fayil. Maimaita matsalar, ka sake tayar da Orca yadda aka saba, ka haɗa fayil ɗin da sunan tsarinka da matakan da ka bi ɗaya bayan ɗaya. Fayil ɗin na iya ɗaukar rubutun da aka karanta maka, don haka kada ka buɗe banki ko saƙon sirri yana naɗa.

Ku kuma masu shagon gyara, idan makaho ya kawo muku kwamfuta ya ce ta daina magana, kada ku ruga ku goge faifai ku sake girkawa. Saurin murya, da ƙamus ɗin furuci, da maɓallan da ya tsara wa kansa, aikin watanni ne a wurinsa. Ku zaunar da shi a gaban kibod, ku karanta masa abin da ke kan allo kalma da kalma, ku bar shi ya rubuta umarnin da hannunsa, kada kuma ku miƙa masa kwamfutar sai kun kashe kun kunna kun ji ta yi magana tun daga shafin shiga.